Ƙulin auduga ko dusar alkama: wanne za a fara saya wa shanu da rani?

Malam, tunda kuɗin naka ba zai ɗauki duka biyun ba, ƙulin auduga za ka saya wa saniyar tatsan da san turkar, dusar alkama ta jira.

Dalili kuwa yana cikin abin da kake zuba musu a komi. Karan dawa da busasshiyar ciyawar rani furotin ɗinsu bai fi kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari ba, alhali ƙananan halittun da ke cikin tumbin saniya, waɗanda su ne ke narka kara, suna buƙatar kamar kashi 7 kafin su yi aiki yadda ya kamata. In ba su samu ba, karan sai ya daɗe a tumbi bai narke ba, dabba ta rage ci, ka ga ciki a cike amma haƙarƙari a waje, nono kuma yana ja baya. Ba cikon ciki suka rasa ba, furotin suka rasa, kuma nan ne ƙuli ya yi wa dusa nisa. Ƙulin da aka matse da ɓawon anguryar, irin wanda ya fi yawa a kasuwanninmu daga wajen Funtuwa da Gusau, yana da kashi 20 zuwa 25, ga kuma sauran mai da ya rage a jikinsa. Da zarar tumbi ya samu, karan nan da suke turewa da baki za ka ga sun koma suna cinyewa. Kashinsu ya yi laushi, gashi ya kwanta ya fara sheƙi, cikin mako biyu zuwa uku ƙwaryar tatsa ta nuna bambanci.

Dusar alkama tana da kashi 15 zuwa 16, shanu na son ta, ba ta da laifi a matsayin abin haɗi, amma ita kaɗai ba ta tada saniyar da ta rame. In kana son ka auna da farashi, sai ka ba da kilo ɗaya da rabi na dusa kafin ka kamo furotin ɗin kilo ɗaya na ƙuli. Saboda haka muddin kilon ƙuli bai kai kuɗin kilo ɗaya da rabi na dusa ba, ƙulin ne mai araha.

Wajen bayarwa ne mutane suka fi yin ɓarna. Kada ka juye musu da yawa ranar farko. Fara da rubu'in kilo ga kowace dabba, kana ƙarawa duk bayan kwana uku ko huɗu, har cikin mako biyu ka kai kilo 1 zuwa 1 da rabi a rana ga dabba mai nauyin kilo 250 zuwa 300, kamar matsakaicin Bunaji, wato fararen shanun Fulani. A raba biyu, safe da yamma, kuma kullum a fara ba su kara ko harawa tukuna. In ƙulin ya yi tauri a jiƙa shi na 'yan awoyi, amma abin da za su cinye a lokacin kawai, don jiƙaƙƙen ƙuli in ya kwana a zafin bazara tsami yake yi. Dabba mai wannan nauyi tana cin busasshen abinci kilo 6 zuwa 8 a rana, kuma aƙalla rabinsa ya zama kara, ciyawa ko harawa. Da ka ga ta daina tuƙa, ko kashi ya koma zawo mai tsami, ka san ka yi gaggawa, sai ka rage.

Ranar da hali ya samu ka haɗa su, don san turka sai da dusa zai yi kitse sosai. A kilo 100, zuba dusa 65, ƙuli 32, gishiri 1, sai kilo 2 na garin laimiston da masu haɗa abincin kaji ke sayarwa. Kada ka raina laimiston ɗin nan, shi ne ke kawo kalsiyam. Dusa da ƙuli duka fosforas ya yi musu yawa, kalsiyam ya yi kaɗan, shi ne ke jawo tsakuwar mafitsara har fitsari ya toshe wa sa ko rago ana dab da kai shi kasuwa. Saniyar tatsa a ba ta kilo ɗaya na haɗin a kan kowace lita 2 zuwa 2 da rabi ta madara, da ruwa lita 50 ko fiye a rana a lokacin zafi. San turka kuma a yi masa maganin tsutsar ciki kafin a ɗaure shi, in ba haka ba tsutsa kake ciyarwa.

Wuri biyu ne ake taka-tsantsan da ƙuli. Ɗan maraƙin da bai wuce wata huɗu ba kada a ba shi, don akwai wata guba a cikin angurya da tumbin babba ke iya kashe kaifinta, shi kuwa tumbinsa bai ƙosa ba, tana iya taɓa masa zuciya. Bijimin da ake barbara da shi ma a taƙaita masa, tana rage ƙarfin maniyyi.

Sai ka yi hattara da masu sayarwa, don a nan ne kuɗin mutane ke zurarewa. Ana cakuɗa dusa da niƙaƙƙen buntun shinkafa, da garin katako, da yashi don buhu ya yi nauyi. Cusa hannu har tsakiyar buhun ka ɗebo, ka zuba a gorar ruwa ka girgiza: yashi zai kwanta a ƙasa, buntu ya taso sama. Ƙuli kuwa ka ɓalla ka sansana. In ka ji warin ruma, ko ka ga fumfuna kore ko baƙi a ciki, ka bar shi ko da rabin kuɗi aka ce, saboda gubar fumfunar tana bi ta cikin nono ta kai ga yaran da za su sha. Kuma a ɗora kowane buhu a kan sikeli a gabanka kafin ka biya.