MikroTik hEX a tsakanin sabar Proxmox da layin intanet

Ina kula da kwamfutocin wani shagon sayar da kaya sari a Kano, kuma duk lissafin shagon yana kan tsohuwar kwamfutar ofis guda ɗaya da muka saya ta hannu, muka ƙara mata ƙwaƙwalwa, muka ɗora mata Proxmox, manhajar da ke raba kwamfuta ɗaya zuwa kwamfutoci da yawa. Ita ce sabarmu. A cikinta akwai kwamfutoci uku na ƙirƙira, waɗanda muke kira VM: ɗaya tana riƙe da manhajar lissafin kaya, ɗaya tana ajiye hotunan kyamarorin tsaro, ta ukun kuma tawa ce ta gwaje-gwaje. Dukkansu suna buƙatar fita intanet ta layin faiba guda, amma kowacce da irin fitar da ta dace da ita. Na'urar da na ɗora wa wannan aiki ita ce rauta, wato na'urar da ke raba layin intanet, ƙirar MikroTik hEX, samfurin RB750Gr3, kuma a ganina ta cancanci kuɗinta, ga wanda zai zauna ya koye ta.

Akwati ne ƙarami na roba, bai fi tafin hannu da yawa ba. Ramukan kebul biyar ne, duka masu gudun gigabit, da ramin USB ɗaya da wurin saka katin microSD. Ba ta da wayales ko kaɗan. A cikinta akwai furosesa mai kai biyu mai gudun 880 MHz da ƙwaƙwalwar aiki 256 MB. Kamfanin yana birnin Riga na ƙasar Latbiya tun 1996, farashin da ya sa mata kuma kusan dala 60 ne, na naira kuwa sai yadda dala ta kwana. Abin da ya fi min amfani a nan shi ne tana karɓar wuta daga bolt 8 zuwa 30, kuma cinta bai wuce wat 5 ba idan ba a rataya mata komai ba. Na jona ta kai tsaye da batir mai bolt 12, ita da na'urar kamfanin faiba. Ko an ɗauke wuta, ko inbata ta kashe kanta, layi yana nan.

Masu amfani da Proxmox sukan bi ɗaya daga hanyoyi biyu kafin su kai ga sayen rauta. Wasu suna rubuta dokokin NAT, wato na raba adireshi ɗaya tsakanin na'urori, a cikin sabar kanta, VM ɗin su ɓuya a bayan adireshinta. Wasu kuma suna ƙirƙirar wata VM su ɗora mata manhajar rauta irin su pfSense ko OPNsense ta zama rautar gidan gaba ɗaya. Duka biyun suna aiki, ta biyun ma tana da daɗin sarrafawa. Matsalarta ɗaya ce, kuma babba ce: ranar da ka sake kunna sabar saboda sabuntawa, ko faifanta ya ba da matsala, intanet ɗin shagon gaba ɗaya ya tafi tare da ita. Kai da ka zo gyara ba ka da hanyar sauko da abin gyaran, mai shago kuma yana tsaye a kanka saboda kwastoma yana jiran a tabbatar da tiransifa. Shi ya sa nake ganin ƙofar gida ta zauna a waje da sabar, a kan na'urar da ba ta da faifai mai juyawa, ba ta da fanka, ba ta da wani aiki sai wannan.

Tsarin da na yi ba shi da wuya. Kebul daga na'urar kamfanin faiba yana shiga rami na farko, rautar ce ke buga PPPoE, wato shiga layin, da sunan da kamfanin ya ba mu. Kebul guda yana tafiya daga rami na biyu zuwa sabar. A Proxmox na kunna VLAN, wato raba kebul ɗaya zuwa hanyoyi masu lamba, a gadar vmbr0 da ke haɗa VM ɗin da kebul, na ba kowace VM lambarta: 10 ga lissafi, 20 ga kyamarori, 30 ga gwaji. A wajen MikroTik kowace lamba tana da nata rukunin adireshi da nata DHCP mai raba adireshin. Daga nan sai dokokin katangar tsaro: VM ɗin kyamarori ba ta da ikon taɓa ta lissafi, ta gwaji kuma intanet kawai take gani, ba ta ganin kowa a cikin shago. Sabar ba ta san komai game da hanyoyin fita ba, ɗaukar kaya kawai take yi.

Inda na'urar ta fi nuna darajarta shi ne lokacin da na so mai shago ya riƙa duba lissafi daga gida. Layinmu, kamar layuka da yawa na gida da ƙananan ofisoshi, ba shi da adireshin IPv4 na kansa. Idan ka duba adireshin da rautar ta samu ka ga ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to kana bayan CGNAT, wato kai da wasu kwastomomi kuna raba adireshi ɗaya na waje. A wannan hali ko ka buɗe ƙofa ɗari a rautarka, babu wanda zai iso gare ka daga waje. Na ga mutane suna ɗora laifin a kan rauta, su canza ta, su sake canzawa. Babu rautar da za ta warware wannan ita kaɗai. Ko dai ka biya kamfani ya ba ka adireshi naka, ko ka yi hayar ƙaramar saba a waje mai adireshi tsayayye, ka haɗa ta da gida ta ramin sirri.

Na zaɓi ta biyu. RouterOS 7, manhajar rautocin MikroTik wadda ta fito a ƙarshen 2021, ta zo da WireGuard, mai haɗa irin wannan ramin sirri, a cikinta, kuma hEX tana ɗaukarta. Rautar ce ke kiran sabar waje, don haka CGNAT bai tare ta ba. Sai dai a sa mata ta riƙa aika ɗan saƙon "ina nan" duk daƙiƙa 25 don kada hanyar ta rufe. Sannan na buɗe teburin hanya na biyu, na rubuta doka ɗaya: duk abin da ya fito daga adireshin VM ɗin lissafi, ya bi ta ramin WireGuard. Sauran suna fita ta faiba kamar kullum. Wannan dokar tana da muhimmanci, domin idan buƙata ta shigo ta ramin WireGuard amsa kuma ta fita ta faiba, ɗaya ɓangaren zai ga amsar ta zo daga adireshin da bai sani ba, ya watsar da ita.

Akwai abu biyu da ke wahalar da kusan duk wanda ya yi irin wannan haɗi, kuma ya kamata mai saye ya san su tun farko. Na farko girman fakiti, wato ƙunshin bayanan da ake turawa a lokaci guda. Kebul na yau da kullum yana ɗaukar bayit 1500, PPPoE yana cinye 8 ya bar 1492, WireGuard kuma yakan tsaya a 1420. VM ba ta san wannan ba, tana aikawa da 1500. Alamar ciwon tana rikitarwa: ɗan saƙon gwaji na ping yana tafiya lafiya, wasu shafuka suna buɗewa, wasu kuma su tsaya cak a tsakiya, sabunta manhajar Debian ya maƙale. Maganinsa doka ɗaya ce da ke rage MSS, wato iyakar girman ƙunshi, na duk haɗin TCP da ke bi ta ramin WireGuard. Na biyu FastTrack, wanda ke kunne a saitin farko. Shi ne ke ba wannan ƙaramin furosesa damar tura kaya da gudu, amma yana tsallake yawancin dokokin rabon gudu da dokokin sa wa kaya alama. Idan ka so ka taƙaita wa VM ɗin kyamarori gudu don kada ta shanye layin, dole ka cire haɗinta daga FastTrack, kuma furosesar zai ƙara ɗaukar nauyi. A layi irin namu, mai megabit 'yan gomomi, ban taɓa ganin ya gaji ba. Mai layin da ya kai ɗaruruwan megabit, yana kuma son duka su bi ta WireGuard, ya nemi rautar MikroTik da ta fi ta ƙarfi.

Rauninta a fili yake. Ma'ajiyarta 16 MB ce kacal, RouterOS 7 kuwa ta cika mafi yawanta, don haka ba a tara mata ƙarin manhajoji. Winbox, manhajar da ake sarrafa ta da ita, tana zube maka komai a gaba lokaci guda, ba ta riƙe hannun kowa. Wanda bai san bambancin sarƙar input, mai dokokin shiga rautar kanta, da ta forward, mai dokokin kayan da ke wucewa, ba zai iya kulle kansa a waje da doka ɗaya. Akwai maɓallin Safe Mode da ke mayar da saiti idan haɗi ya yanke, a danna shi kafin a taɓa katanga. Batun tsaro kuma ba na wasa ba ne: a 2018 an gano wata ɓaraka a Winbox da aka yi amfani da ita wajen kutsawa cikin dubban rautocin da ba a sabunta ba. An toshe ta tun lokacin, amma ƙofar 8291 ta Winbox ba ta da aikin yi a fuskar intanet, haka ma ƙofar 8006 ta Proxmox. Ni ta WireGuard kaɗai nake shiga su biyun.

Na kuma sa wata ƙaramar rautar 4G a rami na biyar a matsayin madadin, hanyarta tana da nisa 2, ta faiba nisa 1, wato faiba ake fara bi. Idan faiba ta yanke, VM ɗin lissafi tana komawa can da kanta, ramin WireGuard ya sake haɗuwa ba tare da na zo ba. Kyamarori da gwaji na hana su bin wannan hanya, saboda data ce ta saye.

Wanda yake son wayales a gida kawai, ko yake son ya jona ya tafi, kada ya saya. Wanda ke da saba mai VM fiye da ɗaya, yana son kowacce ta san hanyar da za ta bi da wadda aka hana ta, ina ba shi shawarar ya saya, ya fara da sabunta RouterOS da canza kalmar sirri kafin ya jona kebul ɗin faiba.