Katin Wi-Fi na Intel AX200 ga laftof ɗin ƙauye

Ga mai laftof a ƙauyukan Ringim ko Bichi, inda intanet daga wayar hannu ko MiFi ake jawo ta, Intel AX200 ya wadatar. Yana kama zangon sigina na 2.4GHz da na 5GHz, ga Bluetooth a haɗe. Na 2.4 ɗin ya fi amfani a nan, don ya fi ratsa katangar ƙasa.

Kafin ka hau motar Kano, buɗe bayan laftof ɗin. Ramin katin ya zama samfurin da ake kira M.2 2230, wasu sababbin laftof ma an liƙe musu katin da dalma, ba ya ciruwa. A kasuwa kada a miƙo maka AX201 a ce duk ɗaya ne: sai da wasu furosesa na Intel yake aiki, a kan furosesan AMD ko motsi ba ya yi.

Wajen sawa, cire batir tukuna. Kawunan wayoyin eriya biyu da ake maƙala wa katin ƙanana ne ƙwarai. Danna su a miƙe, in ka karkace sukan lanƙwashe, sigina ta raunana. Sauke direban katin, wato manhajar da ke sa shi aiki, tun kana gari.

Katin AX210 kuwa, mai kama har 6GHz, ƙarin kuɗi ne kawai, yawancin MiFi ba sa ba da 6GHz.