Mai shayin Tudun Wada da ba ya kunna ƙwallo

Jama'a in kuna neman wurin shan shayi da daddare wanda ba ihun Arsenal da Chelsea, akwai wani a Tudun Wada kusa da masu gyaran waya, ko allon suna babu. Shayin da kauri, ba ya ƙwauron madara, wainar ƙwai ma ba ya cika mata mai, indomi dai ba laifi sai dai hannunsa na da nauyi wajen yaji.

Abin da ke jan mutane shi ne talabijin ɗinsa kullum tana kan labarai, kuma sola ce ko an ɗauke wuta ba ruwansa. Lokacin da ɗaliban jami'ar Columbia ta Amurka suka kafa tantuna a Afrilun 2024 saboda yaƙin Gaza har 'yan sanda suka kwashe sama da 100, wallahi nan ake raba dare ana musu. Akwai wani Baba tsohon malamin tarihi da ba ya fashi, shi ke cewa yara ku daina mamaki an yi haka a 1968 kan yaƙin Biyetnam, ginin Hamilton na jami'ar da suka mamaye a 2024 ma shi ɗalibai suka mamaye a wancan karon, Shugaba Johnson ya fasa takara, Democrat suka yi taronsu a Chicago 'yan sanda na jibgar masu zanga-zanga a titi, Nixon na Republican ya zo ya kada Humphrey ɗan takararsu. A 1970 kuma dakarun jihar Ohio suka harbe ɗalibai 4 a jami'ar Kent State.

Inda nake saɓawa da Baba shi ne da yake cewa zanga-zanga ce ta kada Kamala Harris ta Democrat a zaɓen 2024. Eh Biden ya janye, an sake taro a Chicago, kuma a zaɓen fid da gwani na Michigan sama da mutum 100,000 sun ƙi zaɓarsa saboda Gaza, Trump har Dearborn garin Larabawa ya ci, amma ni a ganina tsadar kaya ta fi yi musu illa, talaka ko a Amurka cikinsa yake fara dubawa.

Matsalar wurin benci biyu ne kacal, 'yan musun nan kuma da kofi ɗaya sai su riƙe wuri awa da awa, ga sauro, ga shi ba ya karɓar tiransifa. Ku je ana idar da isha'i, ku taho da kuɗinku a hannu.