Littafin da jami'a ta ɗora mana kafin mu iso Amurka

Tun ban samu biza ba jami'ar ta turo saƙo: duk sabon ɗalibi zai karanta littafi guda a hutun bazara, kyauta, a tattauna shi a makon tarbar sababbin ɗalibai cikin Agusta. Al'ada ce a jami'o'in Amurka da dama. 'Yan cikin ƙasa an aika musu na takarda ta gidan waya, mu na ƙetare aka bar mu da na intanet. Shafi kusan 300 a allon waya, idona ya gaya min.

Na karance shi tas, har da rubuta tambayoyi, a zatona jarrabawa za a yi. Ashe ko maki ɗaya babu. Ranar tattaunawa aka kasa mu rukuni-rukuni, namu mu 18, zaune a kan ciyawa. Malamar ta ce wanda ya kai ƙarshe ya ɗaga hannu, hannu biyar suka tashi. Wani saurayi ya yi ta zuba a kan babin farko kamar shi ya rubuta, da aka gangaro ƙarshen labarin sai ya duƙa yana ta ɗaurin igiyar takalmi.

Littafin kansa ne ya fi ba ni haushi. Labari ne mai daɗi, amma lami, babu inda zai sa mutum biyu su yi musu. Da alama kwamitin zaɓe gudun rigima yake, kuma ban ga laifinsa sosai ba. A 2002 Jami'ar North Carolina da ke Chapel Hill ta zaɓi littafin Michael Sells kan surorin farkon wahayi na Alƙur'ani, ƙasa da shekara ɗaya bayan harin 11 ga Satumba, sai da magana ta kai kotu. Kotu ba ta hana ba, aka yi tattaunawar. Irin wannan na so a ba mu, wanda zai hana mutane duba agogo.

Marubucin littafin da aka ba mu ya zo lacca a Oktoba, zaure ya cika don malamai na ɗaukar sunaye.

Duk da haka ban yi asara ba. Cikin masu ɗaga hannun akwai wani ɗan Koriya ta Kudu da shi ma ya ɗauka jarrabawa ce. Muna tashi ya nuna min takardunsa, shafi tara cif, na fito da nawa, muka kwashe da dariya. Bana ɗakinmu ɗaya.