Wata huɗu da hedifon mai toshe kunne a kan gangar lantarki

Gidan haya nake a Kaduna, ɗaki biyu da falo, bango ɗaya ya raba mu da maƙwabcina. Shi ya sa da na tashi sayen gangar da zan riƙa atisaye a gida, na lantarki na nema. Fatarta raga ce, irin wadda kamfanin Roland ya fito da ita a 1997, yanzu kuma kamfanoni da dama na yin irinta. Kana duka, na waje ba ya jin komai sai ɗan ƙwas-ƙwas, sautin gaba ɗaya yana cikin kunnenka. Na ɗauka na rabu da matsala ke nan.

Da iyafis ɗin wayata na fara, daga baya na sayi wani hedifon mai araha a kasuwa. Wata rana na yi kusan awa biyu ina bin wani kiɗa da ya ƙi zama a hannuna, da na cire sai na ji kamar an cusa min auduga, ga wani siririn kuka a kunnen dama, wiiii, ba ya tsayawa. Matata ta yi min magana daga kicin, sai da ta maimaita sau biyu. Da safe ya lafa. Na duba maɓallin murya na akwatin gangar, wato na'urar da ke fitar da sautin, ya kusa ƙurewa, ni kuwa ban san lokacin da na kai shi can ba.

Da na zauna na yi tunani, sai na gane ba son ƙara ba ne ya kai ni. Gasa nake yi da abin da ke waje. Sanda na dukan farantin roba da ke haɗe da gangar, wannan ƙwas ɗin na shigowa ta gefen hedifon, sai na ƙara murya don in danne shi. An ɗauke wuta, maƙwabci ya tayar da janareta a bayan tagata, na sake ƙarawa. Na haɗa waya don in bi waƙa, waƙar ta rufe gangar, na ƙara ganga, gangar ta rufe waƙar, na ƙara waƙa. Kunne kuma idan ya gaji jinsa raguwa yake yi, abin da ya ishe ka a minti na farko sai ya zama kamar raɗa bayan minti arba'in.

Abin da ya tsorata ni shi ne lissafin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum zai iya sauraron desibel 80 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako ba tare da illa ba. A ma'aunin hukumar NIOSH ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata, desibel 85 awa 8 ne a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1, idan aka kai 100 minti 15 kacal. Ƙananan ƙwayoyin nan masu kamar gashi da ke cikin kunne, waɗanda ke karɓar sauti, in suka mutu ba sa sake tsirowa. Ni da nake so in tsufa ina kiɗa, wannan ya ishe ni.

Sai na sa aka kawo min hedifon irin na makaɗa ganga, mai rufe kunne ruf kamar na ma'aikatan filin jirgi. Ranar farko da na sa shi ban ko kunna gangar ba, na doki farantin, sai na ji shi can nesa. Janareta ya koma gurnani. Maɓallin da ke kusa da ƙurewa yanzu bai kai rabi ba, kuma ina jin kowane ƙaramin bugu, har ma na gano hannuna na hagu ya fi rauni fiye da yadda nake zato. Na manna ɗan salatif a inda na tsayar da maɓallin, da alƙawarin ba zan wuce nan ba. In na ji ya yi min kaɗan, na san kunnen ne ya gaji, sai in ajiye sanduna in sha ruwa. A cikin akwatin kuma na rage ƙarar farantai da ta agogon ƙidayar bugu, domin su ne ke huda kunne, ba babbar gangar ƙafa ba.

Ba zan ce ba shi da aibi ba. Yana matse kai, mai tabarau zai ji a jikinsa. A zafin Maris da Afrilu rabin awa ta isa gumi ya jiƙe kunnuwa, dole in riƙa goge soson bayan kowane atisaye. Don jin waƙa kawai bai kai wasu daɗi ba, sautinsa a bushe yake. Ga waya da ke sarƙe hannu in ba ka bi da ita ta baya ba, amma ba mafita, na Bluetooth yana jinkiri, ka buga yanzu sautin ya biyo baya, kiɗa ba ya yiwuwa a haka. Sannan toshewar ta gaske ce: ranar nan ƙanina ya yi ta buga ƙofa har ya gaji ya kira waya. Yanzu ƙararrawar waya nake sawa saboda lokacin salla, in ajiye ta a kan akwatin gangar inda zan ga haskenta.

Kukan kunnen nan bai dawo ba tun da na canza. Duk da haka na sa a raina zan je a auna min ji a asibiti, don in san inda na tsaya. Tsohon hedifon ɗin kuwa ɗana ya so ya gaje shi, na hana.