Routemaster: jan bas mai bene da mutanen Ingila suka kasa mantawa

Tun ranar 9 ga Disamba 2005 Routemaster ya daina jigilar yau da kullum a Landan, inda ya yi sahunsa na ƙarshe a layi mai lamba 159. Yanzu galibi sai a gidajen tarihi, ko wurin masu ba da hayarsa don kai amarya. Duk da haka kewarsa ba ta ragu ba, kuma in aka duba ƙirarsa za a ga ba son banza ake masa ba.

Kamfanin AEC da Park Royal ne suka ƙera shi tare da hukumar sufurin Landan. Ya fara ɗaukar fasinja a 1956, aka daina ƙera shi a 1968 bayan an fitar da guda 2,876. Samfurin RM kujera 64 ne, dogon samfurin RML kuma 72, tsawonsa ƙafa 30. Bodinsa na alminiyam ne, kuma ba shi da doguwar shasi irin ta manyan motoci. Firam biyu na ƙarfe aka ɗaura masa: na gaba yana ɗauke da inji da sitiyari, na baya yana riƙe da gatarin ƙafafun baya. Shi ya sa bai da nauyi, bai kuma shan mai kamar tsararrakinsa. Injin asali dizal ne na AEC mai lita 9.6 ko na Leyland mai lita 9.8. Sitiyari mai taushi, giya mai canza kanta, birkin haidirolik: a shekarun 1950 wannan gata ne ga direba.

Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne bayansa. Babu ƙofa, dandamali ne a buɗe da sandar riƙewa. Direba na can cikin ɗan akurkinsa kusa da inji, ba ruwansa da kuɗi. Kwandasta ke yawo da na'urar tikiti a ƙirji, ya ja igiyar ƙararrawa sau biyu a tashi, sau ɗaya a tsaya. Tunda ana biya ne mota na tafiya, tsayawa a tasha ba ta wuce 'yan daƙiƙu. Basukan da suka gaje shi, waɗanda direba ke karɓar kuɗi da kansa, sun daɗe suna ɓata lokaci a nan.

Aibinsa ma a wannan dandamalin yake. Mutane sun sha faɗowa wajen ɗanewa ko dirowa mota na gudu. Sanyin hunturu na kwararowa ta baya, hitar kuma ba ta taka kara ta karya ba. Mai keken guragu ba shi da hanyar shiga ko kaɗan, kuma wannan, haɗe da albashin mutum biyu a mota ɗaya, shi ya kashe masa kasuwa.

Mai niyyar saye ko haya ya fara leƙa inda alminiyam ya haɗu da ƙarfe, don nan tsatsa ke cin gindi, musamman a firam ɗin baya. Sai birki: yana da tukwanen ajiye matsin mai, in matsin ya yi ƙasa akwai 'yar alama da ke saukowa a gaban direba, kuma muddin tana ƙasa ba a motsa motar. Giyar da iska take aiki, don haka yoyon iska kan jawo jinkirin shiga giya ko fizga. A tambayi wane inji ke ciki, domin da yawa an sauya musu da Cummins, Iveco ko Scania tun shekarun 1990. Kada a sa ran gudu a babbar hanya, motar cikin gari ce. Tsayinsa ya haura ƙafa 14, sai an lura da gadoji.

Sirrin daɗewarsa ba ƙarfe kaɗai ba ne. Akwai katafaren garejin Aldenham, inda duk bayan 'yan shekaru ake ɗage bodi daga firam, a yi wa kowanne garambawul daban, mota ta fito kamar sabuwa. An rufe garejin a 1986, shekarar da harkar bas ta juye a Birtaniya.

Dokar sufuri ta 1985, ƙarƙashin gwamnatin Margaret Thatcher, ta fara aiki ranar 26 ga Oktoba 1986 a wajen Landan. Duk mai lasisi zai iya rajistar layi, ya ba da sanarwar kwana 42, ya yanka kuɗin mota yadda ya ga dama. Aka yanyanka kamfanin bas na ƙasa aka sayar. Abin dariya, tsofaffin Routemaster da Landan ta sallama sai suka zama makamin gasa a Glasgow, Blackpool da Reading, saboda araha da saurin lodi. Wasu kuma suka cika titi da ƙananan Ford Transit masu kujera 16. Wanda ya san yadda kiya-kiya ke rige-rigen fasinja ya san hoton: layi mai tsoka motoci jere, layin ƙauye da sahun dare da na Lahadi kuwa sai ƙaramar hukuma ta biya tallafi, in ba ta da shi a soke. Tikitin wannan kamfani ba ya aiki a motar wancan.

A Darlington, a 1994, reshen kamfanin bas na Stagecoach ya zuba motoci masu ɗaukar fasinja kyauta har kamfanin garin ya durƙushe, hukumar sa ido kan gasar kasuwanci ta yi tir da hakan daga baya. Gasar ba ta ɗore ba, manyan kamfanoni irin su Stagecoach, First da Arriva suka haɗiye ƙanana. Fasinja ya ragu a manyan biranen wajen Landan, kuɗin mota ya hau. Landan kuwa hukuma ce ke tsara layi da farashi, kamfanoni su nemi kwangila, kuma can fasinja ƙaruwa ya yi.

Mancesta ce ta fara komawa wannan tsari, bisa dokar 2017. Basukan Bee Network masu launin ɗorawa sun fara aiki a Bolton da Wigan ranar 24 ga Satumba 2023, suka game yankin a Janairu 2025, da kuɗin sahu fam 2 ga babba. Sun fi Routemaster ɗumi da sauƙin shiga nesa ba kusa ba, sai dai babu kwandastan da zai kama wa tsohuwa kaya.