Alewa mai danƙo ko kamaruddin, ga mai alajin jan nama

Hajiya barka da yamma, Allah Ya ba yaron lafiya. Kin ce likita ya hana shi jan nama saboda alaji, kina tambaya ko zai iya shan alewar nan mai danƙo ta leda da ake zana wa lemo da inabi tunda an rubuta halal, ko kamaruddin, alewar nan ta busasshen ɗan itace, ya fi.

Ni dai kamaruddin zan ce, kuma halal ɗin nan ne nake so ki yi hattara da shi. Danƙon alewar yawanci jelatin ne, shi kuma daga fata da ƙashin dabba ake cire shi, nan Saudiyya tunda ba a kawo na alade sai ki tarar yawanci na saniya ne, to ta fuskar addini ba matsala amma jikin yaro ba ruwansa da wannan, abin da yake gudu a irin wannan alajin yawanci wani sukari ne da ake kira alfa-gal, yana jikin saniya da rago da akuya har raƙumi, kuma cizon kaska ne ke jawo ciwon. Kaza da kifi ba su da shi. Abin da ke ruɗa iyaye, ba nan take yake tashi ba, sai bayan awa 2 zuwa 6, yaro ya sha alewa da la'asar tsakar dare ya farka da ƙaiƙayi da ciwon ciki, wa zai tuna da alewa? Ba kowa jelatin ke tayar wa ba, amma don Allah kar a gwada a gida, a bar wa likitansa.

Kamaruddin kuwa mishmish ne, ɗan itacen da ake kira apricot da Turanci, aka markaɗa aka shanya, da sukari, a shafa masa man zaitun, na Sham ya fi suna. Ba dabba a ciki. Zaƙinsa dai da yawa kuma yana manne wa haƙori.

In ya nace sai mai danƙon, ki juya ledar tun a baƙala, wato shago, ki duba wajen mukawwinat, wato jerin kayan haɗi, rubutun ƙanana ne sosai, ki ɗauka da waya ki buɗa. Kin ga jilatin baƙari, wato jelatin na saniya, ajiye. Kin ga baktin ko E440, wannan daga ɓawon lemo da tuffa ne, ba komai. Ki riƙa dubawa duk saye, kamfani ɗaya kan yi kala biyu.

In leɓe ya kumbura ko numfashi ya sarƙe, 997, lambar motar asibiti ta Saudiyya, za ki kira nan take.